Baƙin Hunturu a Baturiya

Ƙasar Kazaure ƙasar duwatsu ce. Wanda ya taso daga Kano ya wuce Ɗambatta, tun bai shiga gari ba tsaunuka za su fara yi masa maraba, idan kuma ya karkata yamma ya nufi Roni da Gwiwa, haka zai yi ta ratsa tudu da kwari da ƙasa mai tsakuwa har ya taɓa iyakar Katsina. Ruwan da mutanen wannan yanki suka sani ruwa ne mai iyaka: rijiya, da kududdufin da ke ƙafewa tun rani bai raba ba, da madatsar da gwamnati ta gina ake noman rani a bakinta. Saboda haka mutane suka daɗe suna jinjina labarin wani yaro, haifaffen wani ƙauye na ƙasar Roni, wanda ya zaɓi teku ta zama wurin neman abincinsa.

Yaron ya yi karatu a makarantar koyon aikin jiragen ruwa da ke Oron, a jihar Akwa Ibom, ya kuma gama lafiya. Sai dai a wannan sana'a karatun aji rabin tafiya ne. Ba a ba mutum shaidar zama jami'in jirgi sai ya yi wata goma sha biyu a kan teku yana koyo a hannun manya, kuma tun da aka rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa a 1995 guraben wannan koyo suka yi ƙaranci ƙwarai. Shekara biyu ya yi a gida yana jira, yana taya wani ƙanen mahaifinsa zaman shago a Kazaure, abokai suna tsokanarsa da sunan direban jirgin da babu. Rannan sai ga saƙo: an samar masa gurbi a wani jirgin dakon kaya, ana son ya isa tashar Apapa a Legas kafin ƙarshen watan Janairu.

Shi ne ɗan fari, kuma wanda ya san gidajen ƙasar Kazaure ya san nauyin wannan kalma. Mahaifinsa bai taɓa kiran sunansa ba. Idan zai yi masa magana sai ya ce "kai", idan kuma zai ambace shi ga wani sai ya ce "yaron nan". Bai taɓa yabonsa a gaban mutane ba, bai taɓa zama da shi su ci abinci a kwano ɗaya ba. Baƙo zai ɗauka sanyin zuciya ne, alhali alkunya ce, wadda ke hana uba nuna abin da ya fi komai cika masa rai. Matsalarta guda ce: ranar da ake buƙatar magana, sai a tarar ba a tanadi kalmomin ba. Mahaifiyar ta yi kukanta a ɗaki, ƙanne sun yi murnarsu, maƙwabta sun zo sun yi addu'a. Uban bai ce komai ba har saura kwana shida, sannan bayan sallar isha'i ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Kai, ka shirya. Gobe da asuba za mu Haɗeja."

"To, Baba," in ji yaron, bai tambayi dalili ba.

Dattijon tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Ya kama aiki tun Jigawa tana cikin tsohuwar jihar Kano, kafin a yanke ta a 1991, kuma shekarun da ya fi tunawa su ne waɗanda ya yi a ƙasar Haɗeja, a dajin Baturiya. Lokacin da aka fara shirin kula da fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, yana cikin ƙananan ma'aikatan da ake haɗawa da masu ƙidayar tsuntsaye, su nuna hanya, su riƙe jaka, su yi tafinta. A nan ya koyi abin da ba a koya masa a makaranta ba, ya kuma samu wani tsohon madubin hangen nesa da wani baƙo ya bar masa. Madubin ya yi shekaru a ƙasan akwati, a naɗe cikin tsumma. 'Ya'yansa sun san da shi, amma ba wanda ya taɓa ganin an fito da shi.

Suka bi ta Ɓaɓura cikin hazon hunturu, inda duwatsu ke ƙarewa ƙasa ta baje ta zama rairayi, gonakin gero da riɗi an girbe sai kara. Suka ratsa ƙasar Gumel, suka wuce Malam Madori, suka kwana a Haɗeja a gidan wani tsohon abokin aikin dattijon. Washegari tun duhu bai gama washewa ba suka nufi ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, inda Baturiya take.

Ya kamata a faɗi yadda wannan wuri ya samu, domin wanda bai san tafiyar ruwan ba, ba zai fahimci abin da dattijon ya je nunawa ba. Kogin Kano da kogin Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Idan ya wuce garin Haɗeja sai ya shiga ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tsoffin tuddan rairayi, a nan ya rasa hanya guda da zai bi, ya rarrabu rassa-rassa, ya malala cikin kwaruruka, kafin can gaba ya haɗu da ruwan kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Chadi. Wannan malala ta kowace damina ita ce fadamar. Idan ruwa ya cika a kama kifi a noma shinkafa, idan ya fara ja a bi danshinsa da shuka, idan ya janye Fulani su sauko da shanu. Ƙasa ɗaya tana ciyar da masunci da manomi da makiyayi, kowa da lokacinsa. A 2008 aka sanya Baturiya cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mayar da wurin gandun daji na ƙasa.

Wani masunci ne ya ɗauke su a kwale-kwale. Da dattijon ya ambaci sunan mahaifinsa sai mutumin ya ajiye sandar tuƙi ya durƙusa ya sake gaisuwa, ya ce, "Allah ya jiƙansa, Malam, ai ya rasu shekara bakwai ke nan." Suka yi addu'a, sannan aka tura jirgi.

Da farko babu abin gani sai hazo a kan ruwa da ganyen bado a shimfiɗe. Sanyi yana ratsa riga. Bagaruwa tana tsaye ƙafarta cikin ruwa, can bayanta goruba da kanya da tsamiya a kan tudu. Sai sauti ya riga gani isowa: wani fito siriri, sau uku-uku, daga baki ɗari ko fiye. Dattijon ya ce, "Kirinjijiya." Kafin ya rufe baki suka tashi daga bayan ciyawa, fuskokinsu farare, suka yi kewaye biyu suka sake sauka. Zalɓe yana tsaye shi kaɗai a gefe kamar wanda aka ba ajiya. Jinjimi uku suna caccakar laka. Dinya guda biyu suka wuce ta sama da nauyin jikinsu, fukafukansu na ƙara kamar ana kaɗa tabarma. Wani guza ya sulale daga kan kututture ya faɗa ruwa, yaron ya zabura har jirgi ya yi tangaɗi, masuncin ya yi dariya ya ce, "Wannan ne za shi teku?"

Dattijon bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa ya motsa. Ya kwance tsumman, ya goge madubin da bakin rawaninsa, ya duba wani wuri mai nisa na ɗan lokaci, sannan ya miƙa wa yaron ba tare da ya dube shi ba. "Duba can, bayan bado. Ƙananan nan masu farin layi a saman ido."

Yaron ya daɗe kafin ya same su. Agwagin ruwa ne ƙanana, ba su kai kirinjijiya tsayi ba, launin ƙasa-ƙasa, suna iyo a cunkushe.

"Waɗannan ba 'yan gida ba ne," in ji dattijon. "Baƙi ne."

Daga nan bakinsa ya buɗe, ya yi maganar da yaron bai taɓa jin ya yi mai tsawonta ba. Bahaushe, in ji shi, ya san shamuwa. Kowane yaro a Roni ya san idan ta sauka a kan itacen tsakar gari damina ta kusa, ya san ba a jifanta, ya san idan kaka ta yi za ta ɓace. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne kudu take tafiya, har gabashi da kudancin Afirka, tana bin ruwan sama. To, a daidai lokacin da shamuwa ke barin ƙasar Hausa, waɗansu baƙin suna shigowa daga arewa. Wannan ƙaramar agwagwa, wadda Turawa ke kira gargani, a Turai da yammacin Saiberiya take yin ƙwai. Idan sanyinsu ya matso sai ta taso, ta ƙetare Bahar Rum, ta ƙetare Sahara, ta sauka a 'yan wuraren da ruwa ke kwanciya a bakin hamada: gaɓar kogin Sanagal, da malalar kogin Neja a Mali, da Tafkin Chadi, da nan. Idan Fabrairu ta ƙare Maris ta kama, sai ta juya. Haka kuma waɗancan masu dogayen ƙafafu da ke tsintar shinkafar da ta zube a gonakin da aka girbe, daga can ƙarshen arewacin duniya suke, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa rabin shekara.

Ya ba shi labarin ranar da ya kama wani maharbi da agwagwa irin wannan a cikin buhu. A ƙafarta akwai zoben alminiyam mai lamba, da sunan birnin Masko. Ya ce ranar ya kasa barci. Shi da bai taɓa wuce Kaduna ba, ga tsuntsuwar da ba ta cika tafin hannu biyu ba ta zo daga ƙasar Rasha ta mutu a hannun mutumin da zai sayar da ita kuɗin da bai kai na kwanon gero ba. Bai ce maharbin mugu ne ba. Mutumin yana da iyali, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa daga inda abincinsa ya fito.

Sannan ya koya masa ƙidaya. Ba a ƙirga garken tsuntsaye ɗaya-ɗaya, domin kafin ka kai hamsin sun tashi. Sai ka ƙirga goma, ka riƙe girman goman nan a idonka, ka yi ta aza shi a kan sauran: goma, ashirin, talatin. Idan garken ya yi yawa ka riƙe girman ɗari. Yaron ya gwada ya ce ɗari biyu. Dattijon ya karɓi madubin ya duba ya ce, "Ɗari uku da wani abu. Ido yana rage wa garke, kullum." A watan Janairu ake yin wannan ƙidaya a ƙasashe da yawa lokaci guda, in ji shi, domin kada a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu.

Da rana ta ɗaga hazo ya yaye, sai ɗaya fuskar wurin ta bayyana. Masuncin ya so ya bi da su ta wata hanyar ruwa da dattijon ya ambata, wadda a da ake bi a fita wani tafki mai faɗi, amma suka tarar da ita a toshe. Kacala ce ta cike ta, tsayinta ya fi mutum, a tsaye cunkus kamar katanga, ko sanda ba ta shiga. Dattijon ya daɗe yana kallonta.

Labarin kacala labarin madatsun ruwa ne. An gama madatsar Tiga a 1974, aka gama ta Challawa a 1992, dukansu a saman kogin, domin ruwan sha na birnin Kano da manyan gonakin rani. Kafin su, kogin yakan cika ya yi ambaliya da damina, ya bushe da rani. Bayan su ambaliyar ta ragu, sannan ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan har cikin rani, wuraren da suka saba bushewa suka daina. Wannan shi ne abin da kacala ke so. Ta bazu, ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara laka, ta karkatar da kogi, har ya zama waɗansu garuruwa ruwa ya cinye gonakinsu, waɗansu kuma ruwan ya daina isa gare su. Cikinta kuma jan-baki ke kwana, tsuntsun da garkensa ke iya share gonar shinkafa ko ta gero a yini guda. Don haka idan baƙo ya zo yana yabon tsuntsaye, manomin wannan yanki yakan dube shi da wani irin ido, kuma yana da hujja. Masuncin ya faɗe ta a taƙaice: "Malam, masu zuwa kallo suna ganin tsuntsu, mu muna ganin abin da tsuntsu ya ci."

Tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka auna, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a wannan fadama yana samar da amfanin da ya fi wanda irinsa ke samarwa a manyan gonakin rani na saman kogi, idan aka haɗa kifi da shinkafa da itace da kiwo. Wannan bincike bai rushe madatsa ko ɗaya ba, kuma bai kamata a yi tsammanin zai rushe ba. Miliyoyin mutanen Kano suna shan ruwan nan. Dattijon kansa bai iya zagin madatsa ba, domin shi mutumin tudu ne, ya san abin da tumatir da albasar bakin dam suka yi wa gidajen ƙasar Kazaure a shekarun da damina ta gaza. Abin da ke damunsa shi ne yadda ake sakin ruwan, da yadda wanda ke riƙe da makullin ƙofar bai taɓa zama cikin kwale-kwale a gaban katangar kacala ba. A ganinsa kogi ɗaya ne daga Tiga har Gashuwa, amma ana tafiyar da shi kamar koguna goma na mutane goma da ba sa gaisawa. Ambaliyar 2022, wadda ta ɓarnata gonaki da gidaje a sassan Jigawa da dama, ta nuna cewa ruwan da aka hana hanyarsa yakan nemi wata.

Yaron ya ce ya taɓa jin irin wannan daga bakin wani malaminsu da ya yi aiki a jiragen yawon shaƙatawa a Amurka. A jihar Filorida akwai wata babbar fadama, Everglades, wadda aka mayar gandun ƙasa a 1947. Masu shirin hawa jirgi a Miyami sukan ware yini guda su je su kalli kadoji da zalɓe kafin su shiga teku. Ita ma an yanka mata magudanai an janye ruwanta domin gonaki da birane, yanzu kuma ana kashe maƙudan kuɗi a mayar mata da shi. Dattijon ya saurara, ya ce, "To, su suna da kuɗin gyara ɓarnarsu." Bai ƙara komai a kai ba.

Abu ɗaya ya nema bai samu ba. Tun safe yake ɗaga madubi yana duba bakin gonaki da filayen da ruwa ya janye, har masuncin ya gane ya ce, "Gauraka kake nema, Malam? An daɗe." A zamanin aikinsa, in ji dattijon, yakan ji kukansu da asuba kafin ya gan su, su sauka bibbiyu da tuntun zinariya a ka, suna taku kamar masu sarauta. Kamu domin kiwatawa a gidajen manya da sayarwa, da raguwar wuraren da suke yin ƙwai, sun sa gauraka ta zama abin da ake ba yara labari a yawancin ƙasar Hausa. Yaron bai taɓa ganinta ba sai a hoto. Wannan ne kaɗai lokacin da muryar dattijon ta canja a duk yinin, ya ce, "Na so ka gan ta."

Suka fito bakin ruwa bayan azahar, suka yi sallah a gindin wata tsamiya, suka ci gasasshiyar karfasa da masuncin ya ƙi karɓar kuɗinta. A kwano ɗaya aka kawo, kuma babu wani kwanon. Dattijon ya ɗan yi jim, sannan ya sa hannu, yaron ma ya sa.

A mota, wajen Gumel, yaron ya naɗe madubin cikin tsummansa ya miƙa. Uban bai karɓa ba. Yana kallon taga ya ce, "Riƙe. Ance a jirgi akwai nasu, amma wannan ya san hanya." Can kuma, bayan sun wuce wani ƙauye, ya ƙara da cewa, "Waɗancan ƙananan, duk nisan da suka yi, ba su taɓa ɓata lokacin juyawa ba." Yaron ya ce, "Na ji, Baba." Daga nan har Ɓaɓura ba wanda ya sake magana.

Ranar tafiya dattijon bai raka shi tasha ba, kuma ba wanda ya yi tsammanin zai raka shi. Ƙanen mahaifin ne ya kai shi Kazaure ya sa shi a motar Kano.

Saƙo yakan zo jefi-jefi, ta wayar ƙanwarsa, duk lokacin da jirgin ya kusanci tudu. A tsakiyar Maris aka turo hoto. Jirgin yana tafiya arewa, gaɓar Muritaniya tana wani wuri a dama ba a ganinta, sai ga wata tsattsewa ta sauka a kan ƙarfen gefen jirgi, a gajiye, har ana iya matsowa kusa da ita ba ta tashi ba. Yarinyar ta kai wa mahaifinsu wayar a zaure. Ya nisantar da ita daga idonsa, ya matso da ita, ya daɗe yana dubawa.

"Tambaye shi, da ta huta ina ta nufa?"

Amsa ba ta zo ba sai bayan kwana biyu. Ya ce aiki ya ɗauke masa hankali, da ya dawo ta tafi.

"Ce masa waɗansu na tafe," in ji dattijon. "Ya riƙa fitowa da asuba, ya duba ta bayan jirgi."